Daƙiƙa Arba'in da Uku

Takwas saura, ruwan Agusta bai ɗauke ba.
Na buɗe ɗakin gwaji, sanyin Jos ya riga ni shiga.
Shekara ashirin da shida ina wanke kwalabe a titin Bauchi,
ba ni da digiri, amma hancina ya san kowane sinadari.

Kwalba biyu, garau kamar ruwan randa.
Kangyang ta juye wannan a wancan, ta danna agogo,
ta zuba ido. Shiru.
Ta ce, "Baba Tanimu, ya lalace."
Na ce, 'yar nan, ba a yi wa tukunya tsawa.
Goma. Ashirin. Talatin ta wuce, ruwa na nan ruwa.
Arba'in da uku, kafin ƙiftawa,
shuɗi ya rufe shi baƙi ƙirin, sai ka ce karofi.

Littafi ya ce ashirin. Littafin bai taɓa kwana a Jos ba.
Nan ko nono sai ya yi nawa kafin ya yi tsami,
wanda a Shendam tun hantsi ya kama.
Tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, zafi ya hau da goma,
ki ga jira ya karye kusan rabi.

Na ji Farfesa yana faɗa, ina goge tebur:
ƙwayoyin nan ba su san zama ba,
karo suke kamar Taminus ran jajibiri,
dubun dubata a numfashi guda,
amma yawanci kafaɗa ce ke gogar kafaɗa, kowa ya wuce.
Sai wadda ta zo da ƙarfi, kuma ta fuskar da ta dace.
Akwai tudu a tsakani, in ji shi, ya zana da alli,
na ga dutsen Shere tsaye a allo:
mai rauni ya hau rabi, ya gangaro inda ya fito.

Na ajiye tsumma. Na tuna Dalyop.

Shekara goma sha ɗaya muna karo a Farin Gada,
ina cinikin kabeji, yana cinikin dankali,
tun daren da unguwa ta tsage biyu
kowa ya kwashi komatsansa ya koma tsallake.
Mutumin da muka sha gwate a kwano ɗaya!
Ido ya ga ido, ya kauce.
Ba so na rasa ba, tudun ne ya fi ƙarfin gwiwata.

Sai wata Laraba Ngo Chundung mai tumatir
ta ce, "Ku biyun nan, ku kama mini kwando."
Na kama gefe, ya kama gefe.
Taku ashirin ne zuwa bakin titi.
A na sha biyar ya ce, "Ya gwiwar?"
Na ce, "Da sauƙi. Ya Mama?"
Ya ce, "Bara muka binne ta."
Muka sauke kwando. Hannunsa ya yi kaushi, ban sake shi ba.

Tsohuwa ta duba tumatirinta, ko ɗaya bai fashe ba,
ta gyara ɗaurin zani, ta koma rumfa
yadda ta fito, ba ragi, ba ƙari.
Ba ta rushe tudun ba,
wata 'yar hanya ta sani ta kwari.
Kanwa uwar gami, da zagi muke faɗarta,
ran nan ta fito daga bakina yabo.

Kangyang ta rubuta arba'in da uku, ta ja layi.
Ta ce, "To, duk lokacin da muke jira, me ake yi a ciki?"
Na ce, aiki, 'yar nan. Tun ɗigon farko ake aiki,
ido ne ake sanar wa a ƙarshe.

Ta tafi aji. Na zubar da shuɗin a kwatami,
na ɗauraye kwalba sau uku, na kife.
Ruwa na dukan kwanon rufi,
shi ma tsatsa na cin sa a nata takun, ba agogo.
Da la'asar Dalyop zai zo da tsani.